Makaranta ta Uku a Jarida

Duk wanda ya saba bi ta gaban makarantar kuɗin nan ta 'yan mata da ke Rajshahi, wadda kowa ke kira Mai Koren Ƙofa, ya san Dilruba ko da bai san sunanta ba. Ita ce siririyar matar da ke zama a gindin katanga kusa da mai shayi, a kan buhun taki da ta ninke biyu, da bargon ɗinki a cinya tana ta soka allura. Iyaye mata da yawa a nan suke yini, daga ƙararrawar safe har a tashi, don zuwa gida a dawo ba ƙaramin aiki ba ne. Amma ita ce ba ta taɓa fashi ba, ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya.

'Yar ƙauye ce daga wajen Bagmara. Mijinta Tofazzal yana da kududdufan kifi biyu da ɗan fegin shinkafa da ya gada. Ita karatunta a aji takwas ya tsaya, shekarar da ambaliya ta ci makarantarsu, aka ce za a gyara, aka yi ta cewa za a gyara har ta girma. Allah ya ba su 'ya ɗaya tak, Noshin, yarinya mai sanyin hali da kyan rubutu, wadda in aka ƙyale ta sai ta yini tana zana tsuntsaye a bayan littafi.

Noshin tana aji huɗu Dilruba ta shiga kantin magani ranar kasuwa, ta tarar da jarida a kan kanta. Jiya sakamakon jarrabawar gama aji goma ya fito. Ga hoton 'yan mata suna tsalle suna buga ganga, a ƙasa kuma an jera makarantu ashirin da suka fi kowa a yankin. Ta roƙi mai kantin ya yage mata shafin. Da ta isa gida ta shimfiɗa shi a gaban mijinta yana cin abinci.

"Baban Noshin, duba nan. Biyun farko na maza ne. Wannan ta ukun ta 'yan mata ce. Ba wadda ta faɗi, ko ɗaya."

"To makarantar malaminmu Jobbar Masta fa? Ga ta nan bayan kasuwa. Ni ma a can na yi."

"Shi ya sa kake yini cikin taɓo. Nuna mini ita a nan. Nuna mini."

Ya bi shafin da yatsa daga sama har ƙasa, ya ɗago.

"Ba ta nan."

"To ka gani."

Daga ranar Noshin ta daina zana tsuntsaye. Dilruba ta samo tsofaffin tambayoyin jarrabawar shiga, ta tasa yarinyar a gaba safe da yamma har ta haddace su kamar karatun sallah. Da aka kafe sunayen waɗanda aka ɗauka aji shida, sai ga na Noshin can kusa da ƙasa. Tofazzal ya ba da hayar kududdufi ɗaya, aka kama musu ɗaki a saman gidan wata tsohuwa a birni, shi ya zauna a ƙauye yana leƙo su in ya samu sarari. Ranar da za su tafi, faccalar Dilruba, matar wan mijinta, ta tsaya a bakin rijiya tana murmushi.

"A sauka lafiya, uwar alƙaliya. In an fara raba hukunci a tuna da mu talakawa."

"Za a tuna, Bhabi," in ji Dilruba. "Ke za a fara kira."

A gindin katangar nan Dilruba ta zama wani abu. Matan ma'aikatan banki da na 'yan kasuwa, masu sari masu tsada da laima, sai ga su suna tambayar 'yar ƙauye. Ta san wace makaranta ta hau bara, wace ta sauko, wace ta ɓace daga jerin gaba ɗaya. Suka sa mata suna Hukumar Jarrabawa.

"Hukuma, ƙanwata tana so ta kai 'yarta waccan ta kusa da tasha. Me kika ce?"

"Ta sha bakwai ce, kuma sauka take yi. Ta zuba kuɗinta a kogi ya fi mata, ko banza kifi ya ƙaru."

Sai a kwashe da dariya, a sayo mata shayi. Ranar da sakamako ya fito kuwa, lokacin zafin nunar mangwaro, ana buga ganga a harabar makaranta ana raba alewar madara, Dilruba takan yi kuka don murna, alhali 'yarta ba ta ko kai aji bakwai ba.

Abokiyar zamanta ita ce Archana, matar wani maƙerin zinariya, Bahindiya, wadda 'yarta Tithi ke gaban Noshin da aji biyu. Buhu ɗaya suke zama a kai, Archana tana zare mata zare, ita tana ɗinki. Wata shekara aka dawo daga hutu a cikin sanyi, Archana ba ta zo ba. Aka ce Madam, shugabar makarantar, ta ba Tithi takardar sallama, wai ba ta ja a karatu. Da matan suka juyo suna jiran abin da Hukuma za ta ce, sai ta gyara zama.

"Madam ta san abin da take yi. Haka ake tsayawa a ta uku. In aka bar kowa da kowa, ai sai mu wayi gari a ta goma sha."

Ta yi niyyar leƙa Archana. Kullum sai ta ce gobe.

Ita Noshin ba daƙiƙiya ba ce, ba kuma haziƙa ba. Duk abin da ake haddacewa tana haddacewa. Lissafi ne ya tsaya mata a wuya. Dilruba ta kai ta wajen mai darasin yamma, ta sauya wani, ta ƙara da na asuba, tana sayar da barguna tana biya. Yarinyar ta rame, gashinta ya fara zuba, ranar jarrabawa sai ta yi amai kafin su fita. Sau ɗaya Dilruba ta mare ta a kan wata tambaya da ta kasa, ta koma bayan ƙofa ta ciji hannunta. A ƙarshen aji takwas Noshin ta haye, amma da ƙyar.

Farkon aji tara, kafin a aika sunayen ɗalibai hukumar jarrabawa, mai gadi ya fito ya ce Madam tana kiran Maman Noshin. Shekara uku tana zaune a bakin makarantar, ranar ta fara shiga ofishin shugabar. Madam mace ce mai taushin murya, har kujera ta nuna mata.

"Yarinyarki akwai ladabi, ba mu taɓa samun ta da laifi ba. Amma kin ga lissafinta. In muka aika sunanta hukuma ta zama tamu ke nan. In ta faɗi, ba ita kaɗai ta faɗi ba, duk makarantar ce."

"Ai ba ta faɗi ba, Madam. Ta haye."

"Ta haye da ƙyar. Mu nan ba a hayewa da ƙyar."

"Zan ƙara mata darasi. Wallahi ko barci ba za ta yi ba."

Madam ta cire tabarau ta dube ta.

"Ke me ya kawo ki nan tun daga Bagmara? Ba jaridar kika gani ba? To sauran iyayen ma ita suka gani, kuma ita suke so su sake gani baɗi. Ki nema mata wani wuri tun ba a rufe rajista ba. Ba za mu rubuta komai mara kyau a takardarta ba."

Dilruba ta fito ta bi ta ƙaramar ƙofar baya, don kada matan katanga su ga fuskarta. Buhunta da bargonta a can ta bar su.

Ba ta gaya wa mijinta ba. Ba ta gaya wa tsohuwar gidan ba. Kowace safiya sai ta goge wa Noshin kayan makaranta, ta kitse mata kai gida biyu, su sauko da jaka kamar kullum.

"Ammu, ina za mu?"

"Makaranta. Rufe bajon nan da mayafinki."

Ta ɗauko jerin makarantun na bana, ta fara bin na 'yan mata ɗaya bayan ɗaya, daga sama zuwa ƙasa. A ta biyar ko ƙofa ba a bar su sun wuce ba. A ta tara magatakarda ya karɓi takardar ya juya ta.

"Daga Mai Koren Ƙofa? Me ta yi suka sake ta?"

"Ba ta yi komai ba, Bhai, ɗan'uwana. Nisa ne ya yi mana yawa."

"Nisa," ya ce, ya miƙo mata abinta. "Duk mai zuwa daga can a watan nan nisa ne ya yi masa yawa. Ba gurbi."

Har waccan ta kusa da tasha ta je, wadda ta ce gara a zuba kuɗi a kogi. Shugaban ya fito da kansa, ya saurare ta, ya yi dariyar da ba ta mugunta ba.

"Su su tsince masu kyau su riƙe, mu mu kwashi abin da suka zubar? Apa, 'yar'uwa, mu ma so muke mu hau. Bara mun sauka, iyaye sun kusa cinye ni ɗanye."

In suka gama yawon sai su tafi bakin kogin Padma su zauna a kan tudun da aka yi don tare ambaliya, su jira lokacin tashi ya yi. Ruwa ya ja baya, sai yashi fari har iyakar gani. Dilruba ta sayo gasasshiyar shinkafa da yaji a ƙunshin takarda, Noshin ta riƙe a hannu ba ta ci. In suka ga wata mai irin kayan Noshin daga nesa, sai su juya baya. Da yamma Tofazzal ya bugo waya ya tambayi karatu, Dilruba ta ce lafiya lau, aji tara akwai aiki.

Da jerin ya ƙare mata, sai ta tuna ba ta taɓa tambayar inda ake zuwa ba in an fita daga Mai Koren Ƙofa. Duk zaman da ta yi a gindin katanga ba wadda ta taɓa tambaya. Ta nemi unguwar maƙera, ta yi ta kwatance har aka nuna mata gidan Archana. Archana ta buɗe ƙofa, ta dubi Dilruba, ta dubi yarinyar da mayafi a kan bajo, ta gane komai.

"Naki ya zo ke nan."

"Boudi, yayata, ki yafe mini. Ina kika kai Tithi?"

"Wata da watanni ina sauraron ƙofar nan ko wata cikinku za ta leƙo. Ke da muke zama buhu ɗaya." Ta matsa ta ba su hanya, amma ba ta kawo ko ruwa ba. "Ban kai ta ko'ina ba. Yawon da kike yi shi na yi. Na ce 'yata ba za ta sauka daga ta uku ta faɗa inda ba a san sunansa ba. Ina cikin zaɓe aka rufe rajista. Shekara ta tafi. Da wata ta zagayo ita kuma ta ce ko kashe ta za a yi ba za ta zauna aji ɗaya da ƙannenta ba. Tana Natore wajen yayata, tana taya ta ɗinkin rigunan mata."

"Ba abin da za a yi?"

"Ki saka ta ko'ina. Ko makarantar kaji ce, in dai za su aika sunanta, ki saka ta."

Dilruba ta ji maganar, amma ba ta shige ta ba. Washegari ta tsayar da Noshin a tsallaken titi, ita ta je bakin koren ƙofar ta tsaya. Matan katanga suka zuba mata ido. Motar Madam na tsayawa, Madam na sako ƙafa, Dilruba ta zube ƙasa ta rungume ƙafafun nan biyu.

"Madam, ki dubi Allah. Ki bar ta ko a bayan aji, ko a ƙasa ta zauna. Zan share miki makaranta, zan wanke bayi. Na bar gidana, na bar mijina. In koma in ce me?"

"Tashi. Tashi mana, kada ki tara mini jama'a."

"Ba zan tashi ba sai kin ce to."

Mai gadi ne ya ɓamɓare hannuwanta. Aka rufe ƙofa. Tana durƙushe a cikin ƙura, sarinta ya zame daga kai, ba ko ɗaya daga masu saya mata shayi da ta motsa. Wasu ma ƙasa suke kallo, kowace tana lissafin tata 'yar. Hannun da ya ɗago ta na Noshin ne.

"Ammu, tashi. Ya isa."

Da rana, uwar na kwance ta juya wa bango fuska, Noshin ta sauka wajen tsohuwar gidan ta ari waya ta kira ubanta. Motar farko ta safe ta kawo shi, ko taɓon ƙafarsa bai wanke sosai ba. Ya tsaya a bakin ƙofa bai zauna ba.

"Tun yaushe?"

Dilruba ta juya masa baya.

"Ina bugo waya kina ce mini lafiya lau. Kina yawo da yarinya a gari cikin kayan makarantar da ta kore ta. Ni ne na ƙarshen ji?"

"Akwai wata a bayan filin jirgi ban je ba tukuna. Ka ba ni kwana kaɗan."

"Haɗa kaya."

"In koma in kalli Bhabi da wane ido? Ka san abin da za ta ce. Duk ƙauyen za su ce."

"Su ce mana. Bakinsu ne."

Sai Noshin ta yi magana, ba tare da ta dubi uwarta ba.

"Abbu, ni zan bi ka. Ammu in tana so ta zauna."

Wannan ce ta karya Dilruba. Ta tashi ta fara naɗe katifa.

Faccalar tana bakin rijiya lokacin da aka sauke kayansu, ta ce maraba da alƙaliya, an dawo hutu ne? Kashegari Tofazzal ya kai Noshin wajen Jobbar Masta, tsohon da ya koyar da shi, aka rubuta sunanta ana saura ƙiris a rufe. Makarantar kuwa yadda Dilruba ta zata haka take. Rufin kwano mai yoyo, awaki a filin wasa, malamin lissafi yana da shagon taki a kasuwa, ranar kasuwa ba a ganinsa. Dilruba ta daina fita ko maƙwabta. Tana dafa abinci, tana wanki, magana tsakaninta da 'yarta ba ta wuce zo ki ci, kawo tulu. Ita dai ta ga Noshin ta daina amai, gashinta ya dawo, amma in ta tuna ajin da yarinyar take zaune a ciki sai abinci ya ƙi wuce mata.

Shekara biyu bayan haka sakamakon gama aji goma ya fito a tsakiyar zafi. Noshin ta ci komai, ta faɗi lissafi. Ta dawo gida ta shige ɗaki ta sa sakata. Dilruba ba ta tsaya neman takalmi ba. Ta yanki gonaki a guje, ƙasa na ƙona mata tafin ƙafa, tana tafe tana shirya abin da za ta faɗa da yadda za ta riƙe ƙafafun Jobbar Masta kada a ɓamɓare ta wannan karon. Ta same shi a barandar ofis ya tuɓe riga, yana fifita da kwali, yana cin ɗanyen mangwaro da gishiri. Ta tafi za ta zube, ya janye ƙafafunsa da sauri.

"Kai, kai, mene ne haka? Wa ya mutu?"

"Sar, kada ku ba ta takarda. Don Allah kada ku ba ta."

"Wace takarda?"

"Ta sallama. Ta faɗi, ta ɓata muku suna."

"Wane suna?" Ya tofar da ɓawo. "Ke matar Tofazzal ce ko? Kin zaci ita kaɗai ce? Kusan rabin ajin lissafin nan ya kayar, gobe ma jami'in ilimi zai zo ya wanke ni tas, ni kuma in wanke mai shagon taki. In na kore su in koyar da wa, awakin can? Ta zo ran Lahadi, farkon mako. Lissafin kawai za ta sake baɗi. Ki ce ta zo da littafinta na aji bakwai, daga can abin ya kwance mata."

Dilruba ta tsaya tana kallonsa, tana jiran sauran maganar. Babu saura. Ya koma kan mangwaronsa.

A baɗin Noshin ta haye, ba da wani maki na a zo a gani ba, daga baya ta yi kwas ta samu aikin allurar rigakafi a ƙaramin asibitin yankinsu. Amma a ranar ba wanda ya san haka. Dilruba ta kamo hanyar gida, tana zuwa bakin kududdufi ta zauna a kan ciyawa tana haki. Tofazzal yana cikin ruwa har ƙugu yana watsa wa kifi dusa.

"Me ya ce?"

"Ya ce ran Lahadi."

"To me kike yi a nan? Yarinya ta kulle kanta tun ɗazu, na buga na buga ta ƙi buɗewa."

Ta dafa ƙasa ta miƙe. A ƙofar ɗakin ta ƙwanƙwasa, ba amsa. Ta kara kunne ta ji numfashin mai kuka, sai ta sulale ta zauna ta jingina da ƙyauren.

"Noshin. Ni ce. Ba dukanki zan yi ba."

Ta ƙara matsawa jikin ƙyauren.

"Sar ya ce ki je ran Lahadi. Ya ce ki tafi da littafin aji bakwai. Ban san inda na sa shi ba, ko yana cikin akwatin ƙarfe ko a buhun da ke saman rumbu. Ki fito ki taya ni nema, idona ba ya gani sosai a cikin duhun nan."

An daɗe kafin ta ji motsi a ciki, sannan ƙarar sakata.